Muhawara: Obama ya sauka tun 2017, me ya sa har yau ake dambe a kan Obamacare?

Baba Tanko, Katsina
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga 'ya'yanmu da ke Amurka ce. Na ji a rediyo a wannan wata na Nuwamba 2025 an ce an sake buɗe ma'aikatun gwamnatin ƙasar bayan kwana 43 a rufe, wai duk a kan rigimar kuɗin Obamacare, dokar inshorar lafiya. Abin da ya ɗaure min kai, Obama ya bar mulki tun farkon 2017. Trump ya yi, Biden ya yi, Trump ya sake dawowa. Wace irin doka ce wannan da ba ta tsufa a bakin 'yan siyasa? Kuma shi Obaman ne ya raɗa mata sunansa? Don mu nan mun saba gwamna ya gina gada ya liƙa mata sunansa tun siminti bai bushe ba.

Nura, Zariya
Wa alaikumus salam Baba, barka da yamma. Kafin mutanen can su taso daga aiki bari in ɗan share fage. Ba shi ya raɗa ba. Sunanta na yanka dogo ne, ya ƙunshi kare marasa lafiya da sauƙaƙa kuɗin magani, ana taƙaita shi da ACA. Ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris 2010. Obamacare kuwa 'yan adawa ne suka yaɗa shi, kuma da gori suka yi. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1993 Bill Clinton ya ɗora matarsa Hillary a kan shirin gyaran inshorar lafiya, 'yan Rifablikan suka ce ga Hillarycare nan, suka yi ta jifan sunan har shirin ya mutu a 1994 ba a ko kai ga kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba. In aka rataya doka a wuyan mutum ɗaya, duk wanda ba ya ƙaunar mutumin ya gama yanke hukunci, ba sai ya karanta ba. Da farko 'yan Dimokrat, jam'iyyar Obama, haushin sunan suke ji, har a zauren majalisa an yi ƙorafi a kansa. Daga baya Obama ya rungumi abinsa, ya ce in ana nufin ya damu da lafiyar mutane ne to ya yarda. A yaƙin zaɓen 2012 har riguna suka buga da sunan.

Injiniya Bashir, Ohio
Baba Tanko, Allah ya ja da rai. Nura ya yi karatu amma ya tsallake rabin labarin. Yadda aka cusa dokar ne ya jawo mata baƙin jini. Majalisar dattawa ta zartar da ita ranar jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba 2009, ƙuri'a 60 da 39. Ta wakilai ta biyo baya ranar 21 ga Maris 2010, 219 da 212. Ɗan Rifablikan ko ɗaya bai ɗaga mata hannu ba, har 'yan Dimokrat 34 sun ƙi ta a majalisar wakilai. Abin da ya shafi jikin kowa da aljihun kowa, jam'iyya ɗaya ta yi shi da ƙarfin rinjaye. To in an ce dokar Obama ce, ƙarya aka yi masa? A zaɓen Nuwamba 2010 jama'a suka ba su amsa, kujeru 63 suka rasa a majalisar wakilai.

Hajiya Rabi, Houston
Injiniya, ka gaya wa Baba yadda ake kafin dokar mana, tunda tarihi kake so. Baba ina wuni. Ni nas ce, kuma ina wannan aikin tun kafin 2010. A wancan lokacin in ka je sayen inshora da kanka, kamfani zai ba ka takarda ka cike duk ciwon da ka taɓa yi. Ciwon suga, hawan jini, asma, sikila, har mace in an taɓa yi mata fiɗa wajen haihuwa. Suna gani sai su ce ba su sayar maka, ko su sayar amma ban da wannan ciwon, wato ainihin abin da ya kawo ka. Mace tana biyan fiye da namiji sa'anta. Akwai kuma iyakar kuɗin da kamfani zai kashe a kanka duk tsawon rayuwarka, mai ciwon daji yana tsakiyar magani sai a ce kuɗinsa ya ƙare. Mutum wajen miliyan 48 ba su da inshora a 2010, kusan kashi 16 cikin ɗari. Zuwa 2016 abin ya sauko wajen kashi 9. Dokar ce ta haramta duk waɗancan, ta kuma ce yaro zai iya zama a inshorar iyayensa har ya kai shekara 26.

Zulai, Damagaram
Anti Rabi, wato asibitin gwamnati ya koma kyauta ke nan?

Dakta Mairo, Ingila
A'a Zulai, nan ne mutanenmu suke yawan ruɗewa. Irin wanda kike nufi shi muke da shi a nan tun 1948, gwamnati ce da asibitocin, da haraji ake biya, ka ga likita ka fita ba wanda zai miƙo maka takardar kuɗi. Na Obama bai kama hanyar wannan ba. Kamfanonin inshora masu neman riba suna nan daram, ma ƙara musu kwastomomi aka yi. Yawancin Amurkawa ta wurin aiki suke samun inshora, al'adar da ta samo asali lokacin yaƙin duniya na biyu da aka hana ƙara albashi, sai kamfanoni suka riƙa jawo ma'aikata da inshora. Tsofaffi daga shekara 65 suna da Medicare, matalauta suna da Medicaid, duka biyun tun 1965 zamanin Lyndon Johnson. Dokar Obama ta zo ne ta toshe ramin da ke tsakiya: direban tasi, mai shago, mai aikin wucin gadi. Shi ya sa in na ji ana kiranta gurguzu dariya take ba ni. Jam'iyyar 'yan mazan jiya ta nan Ingila ba za ta yi gigin kawo irinta ba, a ce mata ta sayar da marasa lafiya.

Nura, Zariya
Baba, ka ɗauke ta kamar duwatsun murhu uku. Na farko, an hana kamfani korar mai ciwo. Amma in aka tsaya nan, kowa sai ya jira ya kwanta ciwo sannan ya saya, kamfanoni su karye. Sai dutse na biyu: kowa tilas ya saya ko ya biya tara, don kuɗin masu lafiya ya ɗauki nauyin marasa lafiya. To wanda ba shi da hali fa? Dutse na uku: gwamnati ta tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma faɗaɗa Medicaid. Abin da zai ba ka mamaki, maganar tilas ɗin daga ɓangaren 'yan mazan jiya ta fito. Cibiyar Heritage ta kawo ta a 1989, Mitt Romney ɗan Rifablikan ya aiwatar da ita a jihar Massachusetts a 2006 yana gwamna, har ake ce mata Romneycare. Shi ne kuma ya fito a 2012 yana takara da Obama yana alƙawarin soke ƙanwarta. Wani abokin takararsa a cikin jam'iyya, Tim Pawlenty, har haɗa sunayen biyu ya yi ya ce Obamneycare don ya ƙona shi.

Injiniya Bashir, Ohio
Jiha daban, tarayya daban, Nura. Mutanen Massachusetts suka zaɓa wa kansu. Ina ruwan mutumin Wyoming da abin da Boston ta ga dama?

Alhaji Ɗanlami, Bronx
Salamu alaikum, yanzu na ajiye mota. Ni dai ina tare da Injiniya. Obamacare ɗin nan ban taɓa shigarta ba kuma ba na fata. Abokan aikina da yawa sun sha tara a kanta lokacin biyan haraji. Ni ta jihar New York nake, Essential Plan, alhamdu lillahi. Wata yarinya ce 'yar wajenmu Kumasi take cike wa mutane a ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a, ka kai mata takardar harajinka da girin kad, wato katin izinin zama, ta tambaye ka mutum nawa ne a gidanka, kafin shayi ya huce ta gama. Maganin hawan jinina kusan kyauta nake karɓa. Jiha ta fi Obama tausayin talaka.

Hajiya Rabi, Houston
Alhaji, don Allah ka ce wasa kake 😂

Nura, Zariya
Alhaji, ranka ya daɗe, abin da kake ciki ɗin daga cikin dokar ya fito. Ita ta ba jihohi damar kafa irin wannan tsari, kuma yawancin kuɗinsa daga tarayya yake zuwa. Ita yarinyar da take cike muku ma, dokar ce ta tanadi irin aikinta.

Alhaji Ɗanlami, Bronx
Ɗana, katin yana aljihuna. Babu sunan Obama a jiki ko ta baya.

Nura, Zariya
To Baba Tanko, ga amsar tambayarka ta kawo kanta. Kuma Alhaji ba shi kaɗai ba ne. A Satumba 2013 tashar CNBC ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ta raba mutane gida biyu. Waɗanda aka tambaya da sunan Obamacare, kashi 46 suka ce ba sa so. Waɗanda aka tambaya da sunan yanka, kashi 37. Doka ɗaya fa. A farkon 2017 wani binciken ya nuna wajen mutum ɗaya cikin uku ko dai sun ɗauka dokoki biyu ne ko ba su tabbata ba. A Kentucky, jihar da Obama bai taɓa ci ba, gwamna Steve Beshear ya sa wa kasuwar inshorarsu, wato shafin da ake sayen inshora a ƙarƙashin dokar, suna Kynect, mutane suka yi ta tururuwa suna yabonta suna zagin Obamacare. Kuma in aka ware abubuwan da ke cikin dokar ɗaya bayan ɗaya, hana korar mai ciwo, barin yaro har 26, tallafi, har 'yan Rifablikan yawanci suna so. Tilas da tara ne kawai kowa ya tsana.

Sadiya, Kaduna
Ku daina kwana-kwana. Baƙar fata ne, sunan tsakiyarsa Hussein, shi ke nan. Mutanen da suka matsa masa sai da ya fito da takardar haihuwarsa a 2011, su ne za su so abin da ke ɗauke da sunansa?

Injiniya Bashir, Ohio
Sadiya, ni ma baƙar fata ne kuma sunana Bashir, na zaɓe shi a 2008 ma. Hillary fara ce sol, an kashe nata. Shugaba Harry Truman fari ne, an kashe nasa a shekarun 1940. Duk wanda ya soki abu a ce masa wariya, to yaushe za a yi maganar kuɗi?

Sadiya, Kaduna
Ɗan majalisa ya taɓa daka wa Truman tsawa ya ce masa maƙaryaci yana tsakiyar jawabi a majalisa? Obama an yi masa a Satumba 2009, a kan wannan dokar.

Malam Habibu, mai kula da zaure
Sadiya da Injiniya, a sassauta. Kowa ya faɗi nasa an ji. Injiniya, ka ce maganar kuɗi, to bismilla.

Injiniya Bashir, Ohio
Na gode Malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni aikin kaina nake, gyaran na'urorin sanyaya gida da ɗumama shi, ba kamfanin da ke biya min inshora. Kafin dokar ina da wata mai araha, ba ta da yawa amma ta ishe ni. Obama ya tsaya gaban duniya ba sau ɗaya ba ya ce wanda yake son inshorarsa zai ci gaba da riƙe ta, wanda yake son likitansa zai ci gaba da ganinsa. Ƙarshen 2013 sai ga wasiƙa daga kamfanina, shafi biyu, wai tsarina bai cika sharuɗɗan sabuwar doka ba, daga Janairu an rufe shi. Miliyoyin mutane suka sami irinta. Masu tantance maganganun 'yan siyasa na PolitiFact suka ce wannan alƙawarin shi ne ƙaryar shekara. Na je shafin gwamnati da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 2013 in sayi sabuwa, shafin ba ya buɗewa, sai ka cike rabi ya watsar da kai. Abin kunya ne da su kansu ba su musanta ba.

Da na samu na shiga, sai na tarar kuɗin wata ya haura, ga kuma dubban daloli da sai na fara biya daga aljihuna kafin kamfani ya sa hannu a komai. Tallafi kuma an yanke shi a kan ninki huɗu na ma'aunin talauci. In ka wuce da dala ɗaya ba ka da ko sisi. Ni ina ɗan sama da layin. Wato ban isa mai kuɗi ba, ban isa a tausaya min ba. In na ce na fasa, tara: a 2016 dala 695 ga kowane babba ko kashi biyu da rabi na abin da ka samu, wanda ya fi yawa. A 2017 farashi ya sake tashi, a Arizona har ninkawa ya yi, manyan kamfanoni irin su Aetna da UnitedHealth suka janye daga wurare da yawa, wasu yankunan kamfani ɗaya tal ya rage. Sunan yankan da Nura yake ta yabo cewa ya yi za a sauƙaƙa kuɗi. Ina sauƙin? Amurka har yau tana kashe wajen kashi 17 cikin ɗari na duk arzikinta a kan lafiya, babu ƙasar da ta kama ƙafarta.

Dakta Mairo, Ingila
Nan kam Injiniya yana da gaskiya, kada a yi masa gardamar banza. Dokar ta raba wa mutane kati, amma ba ta taɓa farashin asibiti da na magani yadda ya kamata ba, domin sai da aka lallashi kamfanonin magani da asibitoci kafin ta wuce. Har shawarar gwamnati ta kafa nata inshorar ta yi gogayya da kamfanoni an yar da ita a majalisar dattawa don a sami ƙuri'ar sanata Joe Lieberman. Shi ya sa su sanata Bernie Sanders suke sukarta ta ɗaya gefen, su cewa suke ba ta isa ba, a ba kowa Medicare a huta.

Hajiya Rabi, Houston
Ban musa wasiƙarka ba Injiniya. Amma waccan mai arahar taka araha take saboda kana da ƙuruciya da lafiya, kuma saboda an kori irin marasa lafiyar da nake gani. Yanzu da furfura ta fara, je ka nemi irinta a tsohon tsari mu gani. PolitiFact ɗin da ka kawo, ƙaryar shekara ta 2009 a wurinsu ta Sarah Palin 'yar Rifablikan ce, da ta ce dokar za ta kafa kwamitin da zai yanke wa tsofaffi wanda zai rayu da wanda zai mutu. Na ga tsofaffi da idona suna tsoron sa hannu a takarda saboda wannan maganar.

Kuma kai a Ohio kake, gwamnanku John Kasich ɗan Rifablikan ne amma ya karɓi faɗaɗa Medicaid. Zo Texas ka gani. A 2012 kotun ƙoli ta bar dokar da rai, alƙalai biyar da huɗu, babban alƙali John Roberts ya ce tarar haraji ce don haka majalisa tana da iko. Amma a hukunci ɗaya ta ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba. Jihohi 40 da birnin tarayya sun karɓa, goma sun ƙi, har da Texas da Florida da Georgia, alhali tarayya ce take biyan kashi 90 na kuɗin. A nan babba mara ƙananan yara kuma mara nakasa, ko ba shi da ko kwabo, ba ya samun Medicaid. Tallafin kasuwa kuma daga ma'aunin talauci yake farawa zuwa sama, don masu rubuta dokar sun ɗauka na ƙasa Medicaid zai kwashe su. Sai ya zama wanda ya fi talauci shi ne ba shi da komai.

Ga yadda abin yake a ɗakinmu. Mutum mai wankin kwanuka a gidan abinci, yana da ciwon suga, yana raba allurar insulin ta wata ɗaya ta kai shi wata biyu. Ƙaramin rauni a ɗan yatsan ƙafa, yana ɗaure shi da tsumma yana sa takalmi ya tafi aiki, don in bai je ba ba a biya. Ba zai zo ba sai ƙafar ta yi baƙi, wari ya cika ɗaki tun kafin a cire safa. Dokar 1986 ta ce ɗakin gaggawa ba zai kore shi ba, to za mu karɓe shi, a yanke ƙafar, a aika masa takardar kuɗin da ba zai iya biya ba har ya mutu, asibiti ya watsa asarar a kan masu inshora irinka. Kana biya masa ko kana so ko ba ka so, Injiniya, sai dai kuɗin yanke ƙafa kake biya maimakon kuɗin allura.

Baba Tanko, Katsina
Innalillahi. A Amurkan? To me ya hana gwamnonin karɓa, tunda kuɗin ba nasu ba ne?

Nura, Zariya
Su cewa suke kashi goman ma nauyi ne, kuma wata rana tarayya za ta iya janye hannu ta bar su da kaya. Amma Baba, gwamnan Rifablikan da ya karɓa, abokin hamayyarsa a zaɓen fid da gwani kalma ɗaya kawai zai riƙa maimaitawa. Shi ya sa wasu suka karɓa suka sauya masa suna, Indiana zamanin gwamna Mike Pence ta yi haka. Inda kuma aka tsallake 'yan siyasa aka kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye, sai ta wuce: Idaho da Utah da Nebraska a 2018, Missouri da Oklahoma a 2020, South Dakota a 2022. Duk jihohin da Trump ya lashe ne.

Malam Sabo, Gusau
Afuwan, ni tambayata daban ce. Ita inshorar nan ma ta halatta? Na ji malamai suna cewa akwai garari, wato rashin tabbas, a ciki.

Malam Habibu, mai kula da zaure
Malam Sabo, wannan babi ne mai zaman kansa, da maganar takaful da lalura. A buɗe masa zare daban a gayyato masu abin, kada mu yi fatawa da ka.

Zulai, Damagaram
To tunda 'yan Rifablikan sun tsane ta haka, da suka sami mulki me ya hana su soke ta?

Nura, Zariya
Sun gwada, Zulai. Zamanin Obama majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar sokewa ko rage ta fiye da sau 50, sun san ba za ta wuce ba, na nuna wa magoya baya ne. A 2013 sanatansu Ted Cruz ya yi awa 21 yana magana a majalisar dattawa, aka rufe gwamnati kwana 16. A 2017 komai ya dawo hannunsu, shugaba da majalisu biyu. Ta wakilai ta zartar da madadin a watan Mayu, 217 da 213, 'yan Dimokrat suka rama gori suka ce Trumpcare. Ofishin kasafin majalisa ya ce mutum sama da miliyan 20 za su rasa inshora. Nan fa mutane suka cika tarukan mazaɓu suna yi wa wakilansu ihu. Tsakar daren 28 ga Yuli 2017 sanata John McCain ɗan Rifablikan, wanda Obama ya kayar a 2008, kwanaki kaɗan bayan an gano masa ciwon daji a ƙwaƙwalwa, ya shigo zaure ya juya babban yatsansa ƙasa. Shi da 'yan jam'iyyarsa Susan Collins da Lisa Murkowski suka ƙi sokewar a majalisar dattawa, 51 da 49, magana ta mutu. A shekarar ne ma ƙuri'un jin ra'ayi suka juya, masu son dokar suka fi masu ƙinta.

Injiniya Bashir, Ohio
Ka manta Disamba 2017. A dokar haraji aka mayar da tarar sifili daga 2019. Ku da kuka ce duwatsu uku ne, an zare ɗaya, tukunyar ta faɗi? Ba ta faɗi ba. Ashe shekara da shekaru ana cin talakawa tara a banza.

Dakta Mairo, Ingila
Ba ta faɗi ba saboda an ƙara wa na ukun girma. A 2021 Biden ya ƙara tallafin, ya cire wancan layin da ya cuce ka, aka ce ba wanda zai biya fiye da kashi takwas da rabi na samunsa a kan tsari na tsaka-tsaki. A 2022 aka tsawaita zuwa ƙarshen 2025. Masu saye a kasuwar suka ninka, suka kai wajen miliyan 24 a 2025, Florida da Texas ne kan gaba. Baba Tanko, wannan ƙarin shi ne abin da aka rufe gwamnati a kansa daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025. 'Yan Dimokrat suka ce ba za su sa hannu a kasafi ba sai an tsawaita shi, 'yan Rifablikan suka ce na lokacin korona ne, ya yi tsada. An buɗe ba a tsawaita ba, alƙawarin kaɗa ƙuri'a kawai aka yi musu. Da sauran rina a kaba.

Hajiya Rabi, Houston
Injiniya, tsakaninka da Allah, tun 2021 kana karɓar tallafin nan ko ba ka karɓa?

Injiniya Bashir, Ohio
Ina karɓa mana, harajina ne. Ba shi zai sa in ce tsarin daidai ne ba. Gwamnati tana karɓar kuɗi daga hannuna na dama ta miƙa wa kamfanin inshora da sunana, farashi yana nan yana hawa, an dai rufe min ido ne kawai. Na duba na 2026, in ba a tsawaita ba abin da zan biya ya fi ninki biyu.

Hajiya Rabi, Houston
To ka kira ɗan majalisarku ka ce a tsawaita Obamacare. Da wannan sunan fa, kada ka ce ACA.

Injiniya Bashir, Ohio
Na kira tun makon jiya Hajiya. Abin da na ce masa su kawo nasu tsarin. Shekara 15 suna cewa za su soke su maye gurbi, a muhawarar 2024 aka tambayi Trump ina tsarin, ya ce yana da dabarun da ba su gama zama tsari ba. Haushinsu nake ji fiye da yadda kike zato.

Baba Tanko, Katsina
Allah ya yi muku albarka, na ƙaru. Mu nan ba a ce Buhari ma ya sa hannu a irin wannan ba?

Nura, Zariya
Ya sa, Baba, a watan Mayu 2022, dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin NHIS ta zamanin Obasanjo. A rubuce ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, wato tilas ɗin da ya kai Amurkawa kotun ƙoli. Ba wanda ya yi zanga-zanga, ba wanda ya raɗa mata suna, yawancin mutane ma ba su san an yi ba, har yau daga aljihu ake biyan asibiti.

Alhaji Ɗanlami, Bronx
Hajiya Rabi, wani yaron ɗakina yana tuƙi a Dallas, shi tasa ta Obaman ce ta gaske. Ya ce an turo masa saƙo kuɗi zai tashi, yana tunanin ya bari sai ya ga yadda majalisa ta ƙare.

Hajiya Rabi, Houston
Kada ya jira su, Alhaji. An buɗe rajistar 2026 tun 1 ga Nuwamba 2025, in yana son ta fara aiki 1 ga Janairu sai ya gama kafin 15 ga Disamba ta wuce. Ya shiga da kansa ya gyara ƙiyasin abin da zai samu baɗi, kada ya bari a sabunta masa tsohon tsari kai tsaye, ya duba ko akwai mai rahusa da likitansa yake ciki. In samunsa bai da yawa har yanzu akwai tallafin asali, shi bai ƙare ba. Ka ce ya yi min magana ta akwatin sirri in na fito daga aikin dare.